Mutum da Ƙasa a Zane-zanen Ɗaliban Zariya, 1958-1961: Nazari ta Fuskar Harshe

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1958, saura shekara biyu Nijeriya ta sami mulkin kai, wasu ɗalibai masu koyon zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, reshen Zariya, suka kafa wata ƙungiya da aka sani da Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, domin ta watse a 1961 lokacin da jagororinta suka kammala karatu. Duk da haka, da wuya a yi maganar tarihin zanen zamani a Nijeriya ba a ambaci Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo ba, waɗanda dukkansu 'ya'yanta ne. Masana tarihin fasaha sun yi rubuce-rubuce da dama a kansu, galibi ta fuskar salo da kuma siyasar neman 'yanci.

Wannan maƙala ta ɗauki wani ɓangare ne guda ɗaya, wato yadda ɗaliban suka nuna dangantakar mutum da ƙasar da yake zaune a kanta. Abin da take son tabbatarwa shi ne, irin kallon da suka yi wa ƙasa ya fi kusa da ma'anar da kalmar take ɗauke da ita a harsunan Nijeriya, fiye da ma'anar da aka koya musu a aji. Saboda haka za a fara da kalmomi, sannan a koma ga makarantar da ɗalibanta, a dubi wasu daga cikin ayyukansu, daga ƙarshe a nuna abin da masu nazarin harshe za su iya ƙaruwa da shi.

2.0 Ƙasa a Bakin Mai Zane da Bakin Mai Harshe

2.1 Kallon ƙasa a al'adar zanen Turai

A al'adar zane ta Turai akwai wani reshe mai zaman kansa wanda Ingilishi yake kira landscape. Kalmar ta shigo Ingilishi ne daga harshen mutanen Holan wajen shekarar 1600, kuma a bakin masu zane ta shigo. Wato da farko sunan hoton fili ce, daga baya ne ta zama sunan filin kansa. Wannan tarihi na kalmar yana nuna irin tunanin da ke bayanta. Mai zane yakan tsaya a wuri ɗaya, sau da yawa a kan tudu, ya dubi sarari, ya tsara abin da ya gani bisa ƙa'idar nesa da kusa, ta yadda abin da ke kusa zai fito babba, na nesa kuma ya riƙa ƙanƙancewa har zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan akwai mutane a cikin irin wannan zane, yawanci 'yan ƙanana ne, an sa su ne don a gane girman fili. Mai kallo yana waje, ƙasa tana gabansa kamar abin da ake hange ta taga.

Babu kalma ɗaya tilo a Hausa da ta yi daidai da wannan. Masu fassara sukan ce "shimfiɗar ƙasa" ko "yanayin ƙasa", waɗanda kalmomi ne na darasin labarin ƙasa, ba na zane ba. Rashin kalmar bai nuna ƙarancin lura da muhalli ba, kamar yadda za a gani a ƙasa.

2.2 Ma'anonin kalmar ƙasa a Hausa

Kalmar ƙasa tana da rassan ma'ana da yawa, kamar a waɗannan misalai:

(1) Magina sun kwaɓa ƙasa.
(2) Yaro ya zauna a ƙasa.
(3) Zariya tana cikin ƙasar Zazzau.
(4) Shi ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba.
(5) Yana fatan ya aurar da 'yarsa kafin ƙasa ta rufe masa ido.

A misali na (1) ƙasa abin gini ce, a na (2) wurin zama, a na (3) yankin da ke ƙarƙashin wata sarauta, a na (4) tushen mutum da haƙƙinsa, a na (5) kuwa makwancinsa na ƙarshe. A cikin dukkan ma'anonin nan biyar akwai hannun mutum ko jikinsa ko mulkinsa. Babu wadda ta ɗauki ƙasa a matsayin abin kallo kawai.

Haka abin yake a sunayen sassan muhalli. Gaskiya ne akwai kalmomin da ke bayyana siffar wuri zalla, irin su tsauni da kwari da kwazazzabo. Amma da yawa daga cikin sauran suna faɗin abin da mutum yake yi da wurin ne, ko abin da ya taɓa yi. Fadama wuri ne mai damshi da ake noman rani. Saura gona ce da aka bari ta huta. Burtali hanyar dabbobi ce tsakanin gonaki. Kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya taru a ciki. Kufai wuri ne da mutane suka zauna suka tashi, kango kuma gini ne da masu shi suka bari. Hatta daji, wanda ake ɗauka kishiyar gari, ba a ganinsa fanko, domin mazaunin namun dawa ne da maharba, kuma a camfin Hausawa mazaunin iskoki. Bahaushen da ya hangi tarin kukoki a fili zai iya cewa nan kufai ne, ko da babu sauran bango a tsaye. Abin da yake karantawa a filin shi ne tarihin zaman mutane.

2.3 Harsunan Ibo da Yarabanci

Wannan tunani bai tsaya ga Hausa ba. A harshen Ibo kalmar ala, wadda wasu karuruwan harshen suke furtawa ana ko ani, tana nufin ƙasa, kuma ita ce sunan abin bautar gargajiya da ake danganta albarkar noma da tarbiyyar jama'a gare ta. Daga gare ta aka sami omenala, wato al'ada, abin da ake yi a ƙasa, da nsọ ala, wato babban laifin da ya saɓa wa ƙasa. A Yarabanci ilẹ̀ ita ce ƙasa. Ƙulla alkawari mai ƙarfi shi ne ìmùlẹ̀, wanda asalinsa "shan ƙasa", maci amana kuma shi ne ọ̀dàlẹ̀, wanda ya ci amanar ƙasa. A harsunan uku, ƙasa tana da hannu a cikin sha'anin mutane, a wasu ma shaida ce a kansu. Ɗaliban da ake magana a kai sun taso ne da waɗannan harsuna da makamantansu a bakinsu.

3.0 Makarantar da Ɗalibanta

Kafin makarantar Zariya, hanyoyi biyu ne suka yi fice wajen koyar da zanen zamani a Nijeriya. Ta farko ita ce ta Aina Onabolu na Legas, wanda ya yi karatu a Landan da Faris a farkon shekarun 1920, ya kuma dage a kan cewa ɗan Afirka zai iya ƙwarewa a ƙa'idojin zanen Turai kamar kowa. Ta biyu ita ce ta Kenneth Murray, Baturen da ya zo koyarwa a 1927, wanda ya riƙa ƙarfafa wa ɗalibansa gwiwa su zana rayuwar ƙauye da sana'o'in gargajiya. Ta farko ta ba da ƙwarewar hannu, ta biyu ta ba da jigo na gida, amma kowace tana da giɓin da ɗayar take cikewa.

Kwalejin da aka ambata tana da rassa uku, a Ibadan da Inugu da Zariya. A 1955 aka mayar da sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya, a harabar Samaru, wadda ta zama cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, ko da yake akwai 'yar Nijeriya, Clara Ugbodaga-Ngu, a cikinsu. An tsara manhajar bisa ta makarantun zane na Ingila: ƙirar jikin ɗan'adam, da zana kayan da aka jera a kan tebur, da ƙa'idar nesa da kusa, da sarrafa fentin mai. Fasahar Benin da Ife da Nok ba ta da wani gurbi na a zo a gani a cikin wannan tsari.

Abin lura shi ne, kusan dukkan 'yan ƙungiyar baƙi ne a Zariya. Okeke, wanda aka haifa a 1933, mutumin Nimo ne a ƙasar Ibo, ko da yake a Kafancan ya yi makarantar firamare. Nwoko, haihuwar 1935, ɗan sarkin Idumuje-Ugboko ne a yammacin kogin Kwara. Onobrakpeya, haihuwar 1932, ɗan ƙabilar Urhobo ne daga Agbarha-Otor. Grillo, haihuwar 1934, ɗan Legas ne. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya fito daga Egbe, ya kuma yi sakandare a Keffi. Mai zuwa Zariya daga kudu a wancan zamani yakan biyo jirgin ƙasa ne, ko dai daga Legas ta Ibadan da Jaba da Minna, ko daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafancan. A kowace hanya, matafiyi yana ganin kurmi yana raguwa, sarari yana buɗewa, har ya iso ƙasar da ake hangen dutsen Kufena daga nesa, ga rimaye sun yi wa birni rumfa, ga ganuwa ta jar ƙasa, ga hazon hunturu da ke dusashe launin kowane abu.

Saboda haka kowane ɗalibi yana ɗauke da ƙasa biyu: wadda idonsa yake gani a Zariya, da wadda ya baro a gida. Manufar da Okeke ya gabatar wa ƙungiyar a 1960, wadda ya kira da Ingilishi Natural Synthesis, ana iya fassara ta da "haɗaka ta ɗabi'a". Abin da take nufi shi ne mai zane ya riƙe dabarun da ya koya a aji, ya haɗa su da hikimar fasahar al'ummarsa, ba tare da tilas ko kwaikwayo ba. Don cim ma haka, 'yan ƙungiyar sukan yi amfani da lokacin hutu su binciki tatsuniyoyi da zane-zanen garuruwansu. Laƙabin "'Yan Tawayen Zariya" da aka fi saninsu da shi yana iya ɓatar da mai karatu, domin sun ci gaba da halartar aji, sun kuma karɓi takardun shaidarsu. Tawayen nasu a cikin aikin hannunsu yake.

4.0 Ƙasa a Cikin Ayyukan Ɗaliban

4.1 Ƙasar da ido ya gani

Zanen Demas Nwoko na 1959 wanda ya nuna mabarata a cikin jirgin ƙasa misali ne mai kyau na farawa da shi. Jirgin ƙasa shi ne babbar tagar kallon fili a wancan zamani, kuma ɗalibin da aka koya wa zanen sarari zai iya leƙawa waje ya zana abin da ke wucewa. Nwoko ya juyo da idonsa cikin tarago, ya zana mutanen da talauci ya tilasta wa bin jirgi. Haka kuma a zanensa na 1960 wanda ya sa wa sunan Nijeriya a shekarar 1959, ba a ga kogi ko tsauni ko taswira ba. Abin da aka gani shi ne jami'an mulkin mallaka a zaune, da baƙaƙen dakaru a tsaye a bayansu cikin duhu. Sunan zanen na ƙasa ne, abin da ke cikinsa kuwa mutane ne da tsarin ikon da ke tsakaninsu. Wannan ita ce ma'ana ta (3) da ta (4) a misalan da aka kawo a baya.

Wannan zaɓi yana da nauyi idan aka tuna da zamanin. Tun 1910 dokar mulkin mallaka ta sanya filayen Arewacin Nijeriya a ƙarƙashin ikon Gwamna, kuma aikin safiyo da zana taswira ya mayar da ƙasa abin aunawa da rubutawa a takarda. Hoton fili wanda babu kowa a cikinsa yana tafiya daidai da irin wannan kallo, ko mai zanen ya nufi haka ko bai nufa ba. Ɗalibin da ya cika zanensa da jama'a a jajibirin samun mulkin kai yana amsa tambayar ko ƙasar ta wace ce.

Uche Okeke yana da wani zane na 1961 mai suna Jumaa, wanda ya nuna maza cikin manyan riguna. Sunan kansa na rana ne, ranar da jama'ar birni da ƙauye suke ɗunguma zuwa masallaci. Wuri a nan ya samu ma'anarsa daga lokaci da kuma taron mutane. Jimo Akolo kuwa, wanda ya fi sauran daɗewa a Arewa, ya zana makaɗin Hausa a 1961 da mahaya dawaki Fulani a 1962, kuma ya ɗauki darasi daga adon gine-ginen Hausa wajen tsara siffofinsa.

Wanda ya fi kusantar zanen fili irin na aji shi ne Bruce Onobrakpeya, a wani aikinsa na 1961 wanda sunansa ya ambaci fili da ƙoƙon kai da suri. Amma abubuwa biyun da ya zaɓa ya sa a filin sun sauya masa ma'ana. Ƙoƙon kai shaida ce ta ran da ya taɓa kasancewa a wurin, suri kuma gini ne na wasu halittu masu rai, wanda al'ummomi da dama a Nijeriya, har da Hausawa, suke dangantawa da iskoki. Filin da ke ɗauke da waɗannan ya fi kama da kufai: wuri ne mai labari, ko da ba a ga mutum tsaye a cikinsa ba.

4.2 Ƙasar da aka baro a gida

Shahararren aikin Okeke na wannan lokaci shi ne Ana Mmuo, na 1961, wanda yake ajiye a gidan adana fasahar Afirka na cibiyar Smithsonian da ke Washintan. Ma'anar sunan ita ce ƙasar ruhohi ko ƙasar matattu. An yi shi da fentin mai, da faffaɗan launuka na ja da rawaya da fari, a kansu kuma aka ja baƙaƙen layuka masu lanƙwasa da suka fitar da siffofin ruhohi. Babu nesa babu kusa, babu inda sama ta haɗu da ƙasa. Duk da haka kalmar farko ta sunan ita ce ana, wato ƙasa. Ga Okeke, ƙasar da ta cancanci a zana ta haɗa da wadda magabata suka koma, wadda ido ba ya gani amma harshe ya san sunanta. Wannan ya yi daidai da misali na (5).

Layukan da ke cikin wannan zane su ne farkon abin da ya kankama a aikinsa daga 1962, wato amfani da uli. Uli ado ne da matan Ibo suke yi a jiki da ruwan 'ya'yan wata itaciya, wanda yake yin baƙi bayan an shafa, ya ɗauki kwanaki kafin ya goge. Suna kuma yin sa a bangon ɗakuna da wuraren bauta da farar ƙasa da sauran launukan da ake samu daga ƙasa da itatuwa. Okeke ya koyi da yawa daga siffofinsa a wurin mahaifiyarsa. Ta wannan hanya, fasahar da a da ake yi da ƙasa a kan bangon ƙasa ta shiga takarda da allon zane.

Nwoko ma yana da zanen wani babba na ƙungiyar Ogboni, na 1961. Ogboni ƙungiyar dattawa ce ta ƙasar Yarabawa wadda girmama Ilẹ̀ yake cikin tushenta. Onobrakpeya kuma ya riƙa ɗauko jigoginsa daga tatsuniyoyin da ya ji yana yaro, inda kurmi da dabbobinsa suke magana da mutane. Grillo ya fi karkata ga mutanen Legas, musamman mata, cikin shuɗin launi mai tuna wa mai kallo rinin adire na Yarabawa. A wurinsa launin tufafi ya wadatar wajen faɗin inda mutum ya fito.

4.3 Iyakar idon baƙo

Hausawa suna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutanen Arewa da suka fito a waɗannan zane-zane galibi waɗanda ake gani a sarari ne: mahaya, da makaɗa, da masu zuwa masallaci, da mabarata. Rayuwar da ke bayan zaure ba ta cika fitowa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da ɗalibin kwaleji baƙo iyakarsa ƙofar gida. Haka nan 'yan asalin ƙasar Hausa ba su da yawa a sashen a wancan lokaci, saboda ƙarancin makarantun boko a Arewa da kuma ƙyamar da malamai da iyaye da yawa suke yi wa zana abu mai rai.

Wannan ba ya nufin Zariya ba ta da masu zanenta. Masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, yana cikin manyan ayyukan ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. Magina suna yi wa fuskar gidaje ado, maɗinka suna yi wa riguna aiki, masu zayyana suna ƙawata allon sauka. Su ne suka ƙera yawancin abin da ɗaliban suka tarar suka kalla. Sai dai tarihin zanen zamani ya adana sunayen ɗaliban, yayin da mafi yawan waɗannan gwanaye ba a rubuta sunayensu ba.

5.0 Muhalli a Cikin Kalmomin Fasaha

Akwai wata hujja ta harshe da ke ƙarfafa abin da aka faɗa, wato sunayen da masu fasahar gargajiya suke ba siffofi da launuka. A uli akwai isi nwaọjị, siffar kan goro, da agwọlagwọ, naɗin maciji, da mbọ agụ, farcen damisa, da ọnwa, wata. A Hausa akwai dagi, wanda asalinsa tafin ƙafar dabba irin kyanwa ko zaki ne, da zanko a saman soro, wanda aka aro daga tukkun kai, da bakan gizo da ɗaurin guga a cikin dabarun rufin soro. A al'adun biyu ba a kwafo muhalli yadda ido ya gan shi ba. An taƙaita shi ne zuwa alama, aka bar suna ya riƙe dangantakar.

Sunayen launi a Hausa sun fi fito da wannan a fili. Rawaya sunan tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa. Shuɗi yana da alaƙa da shuni, wanda ake samu daga baba. Sauran launuka da yawa ana gina su ne da kalmar ruwa:

(6) ruwan ƙasa
(7) ruwan toka
(8) ruwan goro
(9) ruwan ɗorawa
(10) ruwan makuba

Makuba ita ce abin da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana shafe bango da daɓe da ita. Ke nan itaciya ɗaya ta ba Hausa sunan launi biyu, ɗaya daga garin 'ya'yanta, ɗaya daga aikin magina. Mai magana da Hausa ba zai iya bayyana launukan zanen fili ba sai ya ambaci ƙasa da itatuwa da sana'o'in da ke cikin filin. Abin da ɗaliban Zariya suka yi ƙoƙarin yi da fenti, harshe ya riga ya yi shi da kalmomi.

6.0 Bayan Zariya

Abin da aka shuka a shekarun ɗalibta ya ci gaba da yaɗo. Okeke ya koma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, ya shugabanci sashen zane, inda uli ya zama tushen koyarwa, kuma masu zane irin su Obiora Udechukwu suka ɗora a kai. Ya rasu a 2016. Nwoko ya karkata ga gini, yana amfani da jar ƙasa da katako da dutsen wurin da yake aiki, tare da tsara gini yadda iska za ta ratsa shi. Cocin 'yan ɗariƙar Dominikan da ya tsara a Ibadan a shekarun 1970 yana cikin fitattun ayyukansa, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya. Ƙasa a wurinsa ta koma ma'ana ta (1), abin da ake kwaɓawa a yi gini.

Onobrakpeya ya sake waiwayar Arewa tsakanin 1985 da 1988, a jerin ayyukan da ya danganta da dodannin Sahel, bayan farin da ya addabi yankin, inda ya nuna damuwa da gurgusowar hamada. Daga baya ya yi wasu ayyukan a kan gurɓacewar ƙasa da ruwa a yankin Neja Dalta sanadiyyar haƙar man fetur. A 1998 ya fara taron horar da masu zane na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor, ya kuma raɗa masa sunan hunturu. Akolo ya zauna a Zariya, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello shekaru masu yawa. A 2025 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe wani babban nuni na zanen zamani na Nijeriya, wanda ayyukan 'yan ƙungiyar Zariya suke cikinsa.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa ɗaliban Zariya na 1958 zuwa 1961 sun karɓi kayan aiki da dabarun zanen Turai, amma ƙasar da suka zana ita ce ta harsunansu: wadda ake ginawa da ita, ake mulka, ake gada, ake kuma komawa cikinta. An nuna wannan ta hanyar kwatanta ma'anonin ƙasa da ala da ilẹ̀ da abin da ke cikin wasu ayyukan Nwoko da Okeke da Onobrakpeya da Akolo. An kuma nuna iyakar abin da suka iya gani a matsayinsu na baƙi.

Aiki biyu ne suka rage wa masu nazarin harshe. Na farko shi ne tattara kalmomin magina da marina da maɗinka da masu zayyana daga bakin masu sana'ar, tare da ma'anoninsu da asalinsu, tun da siminti da kwano suna ta maye gurbin ginin ƙasa, kuma kalma takan bi sana'arta idan ta tafi. Na biyu shi ne samar da kalmomin nazarin zane a Hausa da sauran harsunan Nijeriya. A nan ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su yi hattara da fassara kai tsaye, domin kalmar da aka ƙera don ta yi daidai da ta Ingilishi za ta shigo da irin kallon da ke bayanta. Ya fi dacewa a fara da kalmomin da ake da su, irin su karkara da fadama da kufai, a ga iyakar abin da za su iya ɗauka, kafin a nemi aro.